Ranar Da Na Wuce Ban Gai Da Kowa Ba

Ko da haƙoran nan tara da suka rage min sun zube, ba zan manta da ranar da na tashi ƙauyuka biyu da keke ba. Ban riƙe bindiga ba, ban yi ihu ba. Keke ne kawai, baƙi, mai ƙararrawa, wanda ya girmi ɗana na fari. An yi shekaru, amma har yau in na shiga kasuwar Batsari sai wani ya ce, "Baba, yau dai lafiya, ko mu ɗaure kaya?"

Asalin abin ciwon suga ne. Ɗana da ke aiki a Katsina ya kai ni wurin likita, aka soke min yatsa, wani ɗan inji ya nuna lamba. Ni da na yi aji huɗu a firamare na karanta ta da kaina, na ga babba ce, na yi hamdala, don a zamaninmu mai babbar lamba shi ne ya ci jarrabawa. Likita ya ce a nan faɗuwa ce. Ya ce in riƙa tuƙa keke kullum da safe. Ɗana ya ɗora da cewa, "Baba, in an yi wata uku lambar nan ba ta sauka ba, tattara ka zan yi ka dawo Katsina in sa maka ido." Wannan ce ta tayar min da hankali. In bar gonata da inuwar darbejiyata, in koma gidan da ake kulle ƙofa da rana tsaka, in zauna ina kallon fanka?

Titi dai ba nawa ba ne, babura da motocin kasuwa ba su san furfura ba. Sai na zaɓi wata turba da ta tashi daga garinmu, wanda shi ne na ƙarshe kafin daji ta wajen Ruma, ta ratsa gonaki ta yi gabas. Turba ce shiru, ba ka jin komai sai kukan kurciya da ƙarar sarƙar kekenka.

To amma ga inda gizo ke saƙa. A wajenmu mai keke ba ya wuce mutum yana bisa sirdi. Sauka za ka yi: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, ya muka ji da haƙuri. In ka gama da wannan, ka taka sau goma, ga wani. Kuma wa zai bar dattijo ya tafi haka nan? Wannan ya miƙo dafaffiyar gyaɗa, wancan gasasshiyar masara, in na kai rugar abokina Bafulatani kuwa sai an dama fura a ƙwarya. Ƙin karɓa raini ne, ni kuma ban iya raini ba.

Bayan wata biyu aka sake soke yatsa. Lamba ta hau. Likita ya ce, "Baba, awa nawa kake yi a kan keken nan?"

Na ce, "Uku, wata rana har huɗu."

"Nisan fa?"

Na auna da ido na ce, "Kamar daga nan zuwa bakin tasha."

Ya dafe kai. Ya ce daga gobe awa ɗaya cur, ba sauka, ba tsayawa, ko wa na gani.

Na ce, "Ko surukina?"

"Ko surukinka."

"Ko liman?"

"Ka ɗaga masa hannu."

Na ce a raina, yaron nan ya yi karatu, amma bai taɓa tuƙa keke cikin yashi ba. Ka saki hannu ɗaya ai ka sha ƙasa.

Washegari da hantsi na tattare riga na cusa cikin wando, na danne hula. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, dambe za ka?" Na haye keke na fita. Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsawo, na gaba ba ya ganin abin da ke bayansa.

Wanda na fara tararwa taubashina ne, yana yankan ciyawa. Mutumin da kullum sai na tsaya mun yi rabin awa muna zagin juna. Ya miƙe yana cewa, "Kai bawana, wa ya kwance ka da sa..." Na duƙar da kai na wuce fuu, ina haki. Na wuce mata masu tallar nono. Na wuce surukina a kan jaki, na runtse ido don kunya. Na wuce rugar abokina yana ɗaga min ƙwarya.

Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, a ƙasarmu ta yanzu kowa ya san ma'anar dattijo ya fito daga wajen daji a guje ba sallama.

Can sai na ji hayaniya a baya. Na waiga: ga taubashina da lauje, ba takalmi, ga masu nono ba ƙore a ka, ga surukina yana dukan jaki, ga abokina yana koro shanu. Na ce innalillahi, mutanen daji sun shigo! Na miƙe tsaye a kan feda. Su kuma da suka ga na ƙara wuta, sai suka ƙara.

Wani mai babur ya cim min ya ce, "Baba, su nawa ne?"

Na ce, "Ban ƙirga ba!"

"Ta ina suka ɓullo?"

"Tambayi na baya!"

Bai tambayi kowa ba, ya murɗa ya kai labari gari na gaba. Kafin in isa, su ma sun watse.

Yashin wani rafi ne ya kawo ƙarshen tseren. Keke ya tsaya, ni ban tsaya ba. Ina kwance jama'a suka taru a kaina, ga 'yan sintiri sun iso. Babbansu ya ce, "Wa ya gan su da idonsa?" Masu nono suka nuna taubashina. Surukina ya nuna masu nono. Taubashina ya nuna ni.

Na ce, "Ni? Ni ku na gani kuna gudu."

Ya ce, "Mu kai muka gani! Shekara sittin ba ka taɓa wuce ni ba ka zage ni ba, ja'irin bawa. Me ya koro ka?"

Na tofar da yashi na ce, "Likita ne ya hana ni gaisuwa."

Sai wata tsohuwa mai goye da jikarta ta zauna dirshan a ƙasa ta fashe da kuka. Ita ta taɓa yin irin wannan gudun da gaske, kuma ba duk waɗanda suka fito tare suka koma ba. Daga baya ta share hawaye ta ce, "Allah ya shirye ka, Malam," ta kama dariya, kowa ya kama. Ni ban iya ba. Kunyar da na ji a rafin nan ta fi ta wuce suruki.

Kwana uku ina bi gida-gida ina ba da haƙuri, a ƙafa. Sannan mai gari ya yanke hukunci: an yafe min sauka saboda lalura, amma tun daga nesa in kaɗa ƙararrawa sau uku, in ɗaga murya in ce, "Salamu alaikum, lafiya lau ake!" Haka nake yi har gobe, har yara sun sa min suna Lafiya Lau. Da wata na uku ya cika lamba ta sauka, ɗana ya zo ya koma Katsina shi kaɗai. Taubashina kuwa cewa yake tun ranar ciwon gwiwarsa ya warke, ni kuma na ce ya gode wa ubangidansa.

Abin da na koya, wanda ba a koyar ba ko a aji huɗu, shi ne gaisuwarmu ba ladabi ce kawai ba. In ka ce wa mutum "ina kwana", ka gaya masa bayanka lafiya ne, ya ci gaba da aikinsa. Komai saurinka, kada ka wuce ɗan'uwanka ka bar shi yana tambayar kansa abin da ya koro ka.