Ranar da Eulogia Ta Yi Kukan Mijin da Bai Mutu Ba

Mahaifiyata Eulogia ta kai shekara hamsin tana kiwon tumaki da saƙa a ƙauyenmu na kan dutse, ba ta jin wani yare sai Kecuwa. Abin da ta sani a Sifaniyanci shi ne maganar masu kanti, "se acabó", wato ya ƙare. Sukari ya ƙare, kananzir ya ƙare.

Da ciwon ciki ya kwantar da babanmu, ita ta raka shi asibiti a birnin Kusko aka yi masa aiki. Tana zaune a baranda da hantsi sai wata nas ta leƙo, ta ce, "Acaba de despertar," ta wuce.

Inna ba ta ji komai ba sai "acaba". Ta zube ƙasa, ta ja mayafi ta rufe kai, ta fasa kuka.

Wata mai shara, Hermelinda, ta jingine tsintsiya ta tsuguna gabanta, ta yi mata Kecuwa: "'Yar'uwa, wa ya rasu?"

"Maigidana. An ce ya ƙare."

Hermelinda ta je ta tambayo, ta dawo tana ƙyalƙyala dariya. "Ke tashi! Cewa aka yi yanzun nan ya farka. Yana can yana masifar a ba shi miya."

Kwana tara suka yi a asibitin. Kullum da rana Inna da mai sharar sukan zauna bakin famfo suna cin dafaffen dankali da cuku, Hermelinda tana koya mata Sifaniyanci.

"In kin ji 'de' a bayan 'acaba', ba ƙarewa ba ce, yanzun nan aka yi abin. Ce 'acabo de comer', yanzu na ci."

"Kalma ɗaya ta kashe mutum, ta kuma tashe shi?"

"Ke dai faɗi, sarkin gardama!"

Daga nan bakin Inna ya buɗe. Kafin shekara biyu ita ke kai barguna kasuwa da kanta, ita ke raka matan ƙauye wurin likita tana yi musu tafinta.

Duk kaka sai ta ware buhun dankali ta aika wa Hermelinda, har ranar da Inna ta rasu. Yanzu ni nake kaiwa. Tsohuwar ba ta gani sosai, sai ta zura hannu a buhun ta laluba, ta ce, "Ɗiyata, na bana ƙanana ne. Zauna in dafa mana."