Ranar da na zama hannun Inna

Shekarun baya, lokacin da ciwon sanyin gaɓɓai ya matsa wa mahaifiyata, gwiwar hannunta ta dama ta kumbura har ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa. Muka tashi daga Matameye zuwa Damagaram, lokotoro ya yi mata allurar kortizon a cikin gaɓar. Ya ce ta hutar da hannun kwana biyu, ba ɗaukar kaya, ba gashi da ruwan zafi, in kuma wurin ya yi ja ko zazzaɓi ya zo, mu koma maza.

Washegari aka aiko daga Kance cewa aminiyarta ta rasu. Inna mai wankan gawa ce, kuma tun suna 'yan mata suka yi alkawari: wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta.

Na tare ƙofa. Na ce, "Inna, don Allah! Juya gawa fa ba wasa ba ne, hannun nan zai lalace."

Ta ce, "To, in je lahira in ce mata me? Allura ta hana ni?"

Na ɗauko mayafi na bi ta.

A ɗakin da gawar take ta kai hannu ga buta, azaba ta sa ta sake ta. Na ga hawaye a idonta, abin da ban saba gani ba. Ta daɗe tana duban aminiyarta, sannan ta juyo.

"Matso, ɗiyata. Hannunki ai nawa ne."

Ni da ko kaza aka yanka sai na kau da kai! Na durƙusa gaban gawar. Tana tsaye a kaina, hannunta rataye cikin gyale, tana cewa, "Fara da dama. A hankali, ba ta son garaje." Haka muka gama, muka sa ta a likkafani.

Allurar ta yi mata amfani, ta sami sauƙi na watanni, amma ba ta ƙara wanke kowa ba. Ni take turawa.

Da Allah ya yi wa Inna rasuwa, ni na shiga ɗakin wankanta. Na san komai, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Sai dai ina ta jira a ce mini "a hankali", ba wanda ya ce. Wallahi har yau ban taɓa jin maraici irin na wannan lokacin ba.