Kwamfutar Baba Da Ta Ƙi Tashi

Ranar Asabar ce da hantsi, kwana arba'in da biyu da rasuwar Baba, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Muna tsakar gida muna ɓarar masara sai aka kawo wuta. Umma ta dube ni ta yi ƙasa da murya ta ce in je in kunna mata kwamfuta. Na san abin da take so. Baba malamin gona ne a Malumfashi, ya sayo tsohuwar kwamfutar don rubuta rahoton aiki, amma fiye da rabin amfaninta wasa ne da mu. Yakan ɗauki muryarsa yana ba mu labarin manoman garin Ƙarfi da gardamarsu a kan taki, mu kuwa muna ta ƙyalƙyala dariya a bayansa. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai a cikinta.

Da aka yi rasuwa an kwashe kayan ɗakinsa don 'yan gaisuwa su sami wurin zama, aka jibge kwamfutar a ɗakin hatsi tsakanin buhunan dawa. Ni da ƙanena Sani muka ciccibo ta, na jona wayoyi yadda na saba gani, na danna. Fanka ta yi kuka, allo ya yi baƙi, sai ga wani ɗan farin rubutu da Turanci. Da ɗan Turancina na aji shida na gane tana cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Na danna maɓallin da Baba kan danna, shuɗin allo ya fito, layin da ya kamata a ga sunan ma'ajiyarta, inda take adana bayanai, babu komai. Sani ya kwance murfin da wuƙar yanka kuɓewa, muka kore ƙura da mafici, muka fitar da ƙwayoyin dawa har da kashin ɓera. Wayoyin ciki kam tsoro ya hana mu taɓa su. Umma tana bakin ƙofa tana kallonmu.

Tana cikin takaba, ba halin fita. Da Baffa Isuhu, ƙanen Baba, ya zo da yamma, ta roƙe shi ya kai kwamfutar Funtuwa wurin mai gyara. Yaya za a yi mace ta dubi ƙanen mijinta ta ce muryar yayansa take marmarin ji? Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "A duba ta saboda karatun yara." Ni ma ina tsaye a wurin, na ja bakina na yi shiru, don an koya mini yarinya ba ta sa baki a maganar manya. Har yau ina jin haushin wannan shirun nawa.

Bayan kwana uku Baffa ya dawo da ita ɗaure a bayan babur, fuskarsa cike da murna. Ashe waya ɗaya ce ta zare a ciki lokacin da aka ɗauke ta, mai gyaran ya mayar da ita nan take ta tashi. Da ya ji ta marayu ce sai tausayi ya kama shi, ya ƙi karɓar komai, ya kuma ƙara da nasa alheri. Baffa ya maimaita mana maganarsa: "Na wanke musu ita tas, na zuba sabon komai, har da wasannin yara." Na kunna, ta tashi garau. Na buɗe ko'ina, na sake buɗewa, wayam, an goge muryar Baba gaba ɗaya. Umma ta yi wa Baffa godiya, ta sa wa mai gyaran albarka, ta shiga ɗaki ta ja labule. Ba ta ƙara cewa a kunna ba.

Yanzu a ofis nake aiki a Funtuwa, irin wannan matsala minti biyar ta ishe ni in gano ta. Wayata cike take da muryoyin mutane, wasu ko saurara ba na yi nake gogewa. Kwanan baya ɗana ya tambaye ni ko muryar kakansa babba ce ko siririya. Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na tarar na manta.