Anti Almakashi, Mai Gadin Yammacin Yara

Kafin masu shara su gama goge barandar gidan talabijin ɗin, ita ta riga ta zauna. Ɗakinta yana can ƙarshen lungu, bayan ma'ajiyar tsofaffin kaset. Ba taga, sai fanka mai kukan ƙarfe da allo biyu a kan tebur. Za ta ajiye fulas ɗin shayi, ta rataya mayafi a bayan kujera, ta ɗora tabarau a karan hanci, ta fara kallon abin da sauran mutane ke tashi su tafi shan ruwa idan an saka: 'yan gajerun tallan nan na shirye-shirye, masu cewa ku kasance da mu a daren yau.

Aikinta kenan tun zamanin kaset. Kowane talla sai ta kalle shi sau biyu, ɗaya da murya, ɗaya a kashe, domin a cewarta yaro da ido yake cin talabijin. Fim ɗin manya yana da lokacinsa, ana saka shi bayan yara sun kwanta, da gargaɗi a gabansa. Amma tallan fim ɗin ba ya sallama. Tsakiyar katun zai faɗo, lokacin da uwa ke kicin, uba bai dawo ba, yara sun zube a ƙasa da kayan makaranta a jikinsu. Ƙa'idar gidan ta hana tsiraici a wannan lokacin, ita kuma ita ce idon ƙa'idar. Masu haɗa hoto ne suka laƙaba mata Anti Almakashi, don sun sha kai mata aikin da suka yi gumi a kai ta dawo musu da shi an yi masa aski. Ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Idan wani ya yi ƙorafi sai ta ce, "Na dare ka kawo mini da rana, ɗana. Je ka sa masa riga ka dawo."

Yanzu ta ajiye aiki, kuma waɗanda suka yi zama da ita suna da labarai da yawa. Amma duk wanda ka tambaya, ƙarshenta wata Asabar ɗaya zai koma.

Lokacin hutun makaranta ne. Shirin yara na tafiya kai tsaye, sutudiyo cike da ƙananan yara a kan tabarmi, mai gabatarwa, wanda kowa ke kira Kawun Yara, yana koya musu waƙa. Anti tana ɗakinta tana haɗa jaka sai wayar tebur ta yi ƙara. Dogo ne, mutumin da ke zaune a ɗakin watsawa, wanda duk abin da zai fita zuwa gidajen mutane sai ya bi ta ƙarƙashin yatsansa.

"Anti, an sako mini wani talla a layin abin da za a watsa, kuma ban ga alamar ya biyo ta wajenki ba. Shi ne na farko a hutun tallan da ke zuwa."

"Na mene ne?"

"Sabon fim ɗin daren nan mai dogon zango. Don Allah ki zo ki gani da idonki."

Ba ta tsaya ɗaukar mayafi ba. Masu tsayuwa a baranda sun ce ba su taɓa ganinta da sauri haka ba, ga ciwon gwiwa. Dogo ya kunna mata tallan a ƙaramin allo. Motoci, gudu, harbi, sai kuma ga mace ta fito daga wanka ba ko zare a jikinta, namiji na jiranta a bakin gado. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Anti ta ɗaga kai ta dubi babban allo, inda yara ke tafi. A sutudiyon ma akwai talabijin a bango, duk abin da aka watsa a hutu su ma a gabansu zai bayyana.

"Wa ya kawo?"

"Ni na kawo, Hajiya."

Manajan talla ne a bakin ƙofa, waya a hannu, gumi a goshi. A yi masa adalci, ba mutumin banza ba ne. Ya shigo ya rage murya.

"A makare suka aiko, shi ya sa bai zo wajenki ba. Kamfanin da ke da fim ɗin nan su ne ke ɗaukar nauyin shirin yaran da kike gani. Sharaɗinsu tallan ya fita a hutun nan. Idan bai fita ba za su janye, kuma kin san halin da gidan nan ke ciki. Ni ma fa ina da 'ya'ya."

"Suna kallo yanzu?"

Manaja ya ce, "Ko lura ba za a yi ba. Abin da zai wuce fit."

"Ai don a lura aka saka shi, Manaja. A ba ni zuwa gobe, a yanke wajen, a saka sau goma in ana so."

"Yau suka ce."

"To kira shugaba."

An kira, waya a kashe, yana cikin jirgi. An kira mataimakinsa, wayar na ta ringin ba a ɗauka. A cikin lasifika muryar daraktan shirin ta fito, yana gaya wa Kawun Yara ya fara naɗe waƙar, za a tafi hutu.

Abin da Anti ta sani, kowa a ɗakin ya sani. Ikonta ya ƙare a ƙofar ɗakinta. Tana iya hana talla shiga layi, amma wanda ya riga ya shiga da umarnin manaja, cire shi laifi ne da ake kora a kai. Kuma wanda ke kan kujera shi za a kama. Ta dubi Dogo. Matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba. Yatsansa na saman maɓalli, idonsa na yawo tsakanin ita da manaja.

"Dogo, tashi."

"Anti..."

"Tashi na ce. Manaja, ka zama shaida, ni na tashe shi. Bai taɓa komai ba."

Ta zauna a kujerar da rabonta da ita tun tana da ƙuruciya. Na'urorin duk an canja. "Ina ake cirewa?" ta tambaya ba tare da ta juyo ba. Dogo ya sunkuyar da kai. Kawun Yara yana ɗaga wa kyamara hannu, yana cewa kada ku je ko'ina, yara.

"Hajiya, ki yi tunani," in ji manaja. "Ba ke kaɗai abin zai shafa ba."

"Na sani."

Idonta ya gano wajen. Ta danna. Tallan ya fice daga layi, na bayansa ya hau gurbinsa, wata 'yar sanarwa ce a kan wanke hannu kafin cin abinci. Hutu ya shigo. A bangon sutudiyo kumfar sabulu ta cika allo, wata yarinya mai kitso biyu tana kwaikwayon murza hannu. Anti ta cire tabarau. Manaja ya juya ya fita, bai ko rufe ƙofa ba.

Da labarin tatsuniya ne, da washegari an kira ta an yaba mata. Ba haka aka yi ba. Ranar Litinin aka dakatar da ita. Kamfanin ya cika maganarsa, ya janye. Shirin yara ya yi ta jan ƙafa, daga baya aka ɗauke shi gaba ɗaya na tsawon watanni, masu aikin wucin gadi a cikinsa aka sallame su. Kawun Yara, wanda suka fara aiki tare, wanda ita ta yi wa matarsa rakiya asibiti a haihuwar fari, ya daina gaishe ta. Sun haɗu a wajen wata ta'aziyya ya kau da kai.

'Yarta ta ce a makonnin nan ba ta iya cin abinci. Za ta zauna a falo da jikoki, lokacin shirin ya yi, a saka tsohon katun a gurbinsa, ƙaramin ya tambaya, "Kaka, ina Kawu ya tafi?" Sai ta miƙe ta shige ɗaki. Wata rana 'yar ta kasa haƙuri.

"Mama, da kin bari kawai. Abin daƙiƙa nawa ne? Yanzu ga shi kowa ke yake zagi."

"Su ma suna da gaskiyarsu," ta ce. "Abincin mutane na taɓa. Amma da an mayar da ni kujerar nan yau, wallahi wajen nan zan sake dannawa. Ni dai ban iya ba, shi ke nan."

Da aka kira ta gaban shugaba ba ta kare kanta da dogon bayani ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a kunna maka shi a nan, amma a kira 'yar autarka ta zauna kusa da kai." Bai kira ba, bai kuma kunna ba. An mayar da ita aiki da takardar gargaɗi, ƙarin girman da take jira ya wuce ta, bai sake dawowa ba. Abu ɗaya ya canja. Daga lokacin, duk fim ɗin dare sai ya zo da talla biyu, na rana da na dare, kuma ba abin da ke shiga layin yamma sai ya biyo ta lungun nan. Manajan talla da kansa yake kawo mata, ya tsaya a bakin ƙofa har ta gama.

Anti, ke ce mai gadin da ba a sani ba. Ke ce wadda idan kika yi aikinki daidai, ba abin da ke faruwa, shi ya sa ba mai gode miki. Uwaye nawa suka bar yara gaban talabijin suka shiga wanka hankali kwance, ba su san akwai wata mata mai ciwon gwiwa da ta riga su kallo ba? Kin sha zagin waɗanda kike ƙauna, kin rasa abin da ya kamace ki, ba ki kuma taɓa ɗora laifin a kan na ƙasa da ke ba.

A 'yar walimar sallamar da aka yi mata a kantin ma'aikata, an yi ta jawabai irin na kullum. Can Kawun Yara ya miƙe. Shirinsa ya dawo tuntuni da wani mai ɗaukar nauyi, amma tsakaninsu gaisuwa ce kawai ta fatar baki. Kowa ya ajiye cokali.

"Na yi fushi da ke, yaya," ya ce. "Na daɗe ina yi, ba zan ɓoye ba. Amma ranar nan yaran a gabana suke, har da wadda ta riƙe mini gefen riga. Da abin ya fito a bangon nan, ban san da wane ido zan juyo in ce musu mu ci gaba da waƙa ba. Ki yafe mini."

Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Zauna, abincinka na hucewa."

Mun gode, Anti Almakashi. Allah ya ba ki lafiyar cin hutun nan, ya tsare miki naki kamar yadda kika tsare na mutane. Ku kuma da kuka rage a ɗakunan haɗa hoto da ɗakunan watsawa, a wannan gidan da sauran gidaje, wata rana za a sako muku irin wannan a layi, shugaba ba ya kusa, lokaci na ƙurewa. Ranar ba za ku ga Anti a bakin ƙofa ba. Ku ne za ku zauna a kujerar.