Sojan Ruwa a Kan Jarka

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ranar da aka naɗa ni kwamandan sojan ruwa a gonakin shinkafarmu na tsakanin Kura da Bunkure ba za ta fita raina ba. Ni da ko wanka a kanal ban taɓa wuce gwiwa ba.

Shekarun da wayar salula ta fara shigo mana ne. Mahaifina ya yanka mini gona guda a can ƙarshe, dab da magudanar da ciyawar kacalla ta cinye, ya kafa mini sharaɗi: in na kawo shinkafar gida, gona ta zama tawa, in na bari ta lalace, ya ba yayana, ni kuwa in tafi Kano tsaron shago. Na tsani zaman shago kamar me. Shinkafa ta yi kyau har ina zagaya ta ina murmushi ni kaɗai, sai ga tsuntsayen jan-baki sun sauka, daidai lokacin da ƙwaya ke da ruwa a cikinta. Mun ɗaura gwangwanaye a igiya, mun ja zaren kaset, mun yi ihu har muryoyi suka dushe, amma a banza.

Akwai wani tsoho da ke zama a gindin darbejiya kusa da gada, wanda ya yi yaƙin ƙasar Bama zamanin Hitila. Mun mayar da labaransa abin nishaɗi. Ya ce sun yi makonni a jirgin ruwa ba su ga ƙasa ba, manyan ƙarti suna ta amai. Ya ce a daji jirgin sama ne ke jefo musu abinci da laima, su kuma suna ratsa tsaunuka da kaya a ka. Mukan ce Baba ya fara, mu sheƙe da dariya.

Ran nan shi ya yi mana dariyar. Ya ce kowa na korar tsuntsu daga gonarsa zuwa ta maƙwabcinsa, wannan ai ba yaƙi ba ne, miƙa wa juna baƙi ne. Ya zana taswira da sandarsa a ƙasa. Da rana tsaka tsuntsayen kan shige kacalla su huta, nan za a far musu ta fuska uku. Sojan ƙasa, wato mata da maza masu tasoshi da garwaye, za su jeru a bakin gonaki su tare. Sojan sama, masu majaujawa da curin laka, za su hana su yin sama, su kora su yamma inda za a ɗaga raga a kan gora. Sojan ruwa kuwa su shiga magudana su taso su. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada kowa ya motsa sai ya busa usur.

Da yake gonata ce a bakin ruwa, ya nuna ni da sanda ya ce ni ne kwamanda. Rundunata mutum ɗaya ce, wani maƙwabcina mutumin Binuwai mai noman tumatir, wanda ya iya ruwa kamar kifi. Muka ɗaure jarkoki huɗu da katako, na ɗare a kai da muciyar matarsa a hannu, shi yana turawa yana waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Wallahi daɗi ya cika ni. Har sara wa mutane nake yi ina wucewa.

Muka laɓe a gefen kacalla. Shiru, ba usur. Ina hango masu raga suna ta fama da gora, ba su ko kafa ba. Can sai wani ɗan gungu ya tashi ya nufi gonata. Maƙwabcina ya riƙe mini ƙafa ya ce, “Maƙwabci, Baba bai busa ba tukuna.” Ina! Zuciya ta riga ta ɗebe ni. Na ɗaga muciya na rafka wa jarka, na kurma ihu.

Abin da ya tashi daga kacallar nan har rana ya rufe. Ba raga, ba majaujawa, masu tasoshi ma wasu suna zaune suna cin rake. Tsuntsaye suka yi kewaye ɗaya a sama, suka zube kaf a gona mafi kusa, tawa. Garin miƙewa igiya ta kwance, jarkoki suka rabu, kwamanda ya nutse cikin taɓo har wuya. Ina tofar da ruwa ina kallon gonata ta yi baƙi ƙirin, na ji kamar in fashe da kuka.

Sai usur ya tashi, ba ƙaƙƙautawa. Tsohon nan da ke dogara sanda na hango a tsaye kan gada yana ba da oda da wata murya da ban san yana da ita ba. Ya sa kowa ya bar bakin gonarsa. Mata suka kwaso a guje da tasoshi, wata har ɗankwalinta ya tashi ba ta waiwaya ba. Curin laka ya dinga shawagi, ɗaya ya sami limaminmu a ƙeya. Masu raga suka sungumi gora suna gudu suna faɗuwa. Kafin maƙwabcina ya jawo ni waje da wuyan riga, an kore su, raga kuma ta kama na suyar unguwa guda.

Na je gaban tsohon ina ɗigar taɓo, mutane na riƙe ciki don dariya, ina jiran zagi. Bai zage ni ba. Ya matso da ni, ya ce a hankali, “Yaro, a wani kogi aka ce mu jira jirage su fara ruwan wuta kafin mu haye. Na gaji da jira, na tura kwale-kwalenmu. Ni kaɗai na kai gaɓa.” Ya goge usur ɗin a rigarsa ya ce in je in wanke jikina, ni tawa da sauƙi.

Tsuntsaye sun ci kusan kashi ɗaya cikin uku. Ranar girbi mahaifina ya daɗe yana kallon buhunan, sannan ya ce gona tawa ce, amma in sani ba ni na cece ta ba, mutanen da suka bar nasu suka zo ne. Har yau ita nake nomawa, kuma har yau tsararrakina kwamanda suke kirana in suna son tsokana.

Abin da na koya shi ne, a aikin taro gaggawar mutum ɗaya kan rushe shirin kowa. Ni tawa ta tsaya a kan shinkafa da taɓo. Tsohon da muke wa dariya shekara sittin ya yi yana ɗauke da tasa, kuma tun daga ranar ban sake dariya ba in ya fara labari.