Jakin da Aka Yi wa Tsagen Kurfai

Sahabi mai amalanke ya yi furfura bai taɓa wuce garin Tabla ba, Tablar ma sai da ƙanwarsa ta haihu aka matsa masa ya je suna. Yakan ce duk abin da ke duniya, in mutum ya yi haƙuri, zai zo ya same shi a kasuwar Filinge. Kuma da gaskiyarsa. Takalmin roba ya zo, shinkafar da ba a san gonarta ba ta zo, har rigar sanyin wani Bature ta zo cikin gwanjo, Sahabi ya saya yana zuba ta da tsakar bazara saboda aljihunanta. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne wata rana duniyar za ta zo ta ce ita ma tana son wani abu nasa.

Abin nasa kuwa ɗaya ne, jaki ne ja mai suna Aura. Shi ke jan bulo, shi ke jan ruwa, shi ke kwaso damman hatsi in kaka ta yi. Da wuyan Aura aka aurar da 'ya'yan gidan duka. Matarsa Dijatu takan ce in ta kwanta zazzaɓi sai ya ce ta jiƙa sabara, amma in Aura ya yi atishawa, ranar ba a fita aiki.

Wata shekara sai baƙin dillalai suka cika kara, kasuwar dabbobi, ba sa duban haƙori, ba sa duban ƙafa, sai shafa baya. Sahabi ya je wurin Naziru, mai butiki, wato kanti, a bakin tasha, wanda ke zuwa ƙasar Sin saro salula da fitilu, ya tambaye shi me ake ciki. Naziru ya ce can ana dafa fatar jaki har ta daskare, a yanka, a sayar a matsayin maganin ƙarin jini.

"Hwatar jaki?" in ji Sahabi. "Mu nan in ya mutu, jan shi mukai bayan gari. To su ba su da jakkai?"

"Sun ƙare nasu, Baba. Shi ya sa sunka biyo namu."

Sahabi ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tafi ya ba Aura labari. Dariyar ba ta daɗe ba. Gwamnati ta hana fita da jakuna, sai ɓarayi suka karɓi aikin. Aka tsinci jakin maƙwabcinsa a daji an feɗe shi, an bar wa ungulu nama. Tun daga ranar tsoro ya shiga Sahabi.

Ya ƙara igiya, ya rataya wa Aura ƙararrawa, hankalinsa bai kwanta ba. Can sai ya tuna abin da kakarsa ke faɗa game da tsagen da ke kuncinsa, tsagen mutanen ƙasarsu ta Kurfai. A zamanin hari, in an sace yaro an kai shi wata ƙasa, fatake na ganin kuncinsa sai su ce wannan ɗan Kurfai ne, ɗan gidan wane, a fanso shi a maido. Sahabi ya ga ai magana ta ƙare. Ya ja Aura sai gidan Kailu wanzami.

Kailu ya daɗe rabonsa da tsage, don iyayen yanzu sun ce likita ya hana. Ya dubi jakin, ya dubi mai jakin, ya ce, "Sahabi, lahiyarka ƙalau?"

"Lahiya lau. Irin nawa za ka yi mai. Duk inda anka kai shi a san shina da dangi."

In wani wanzamin ne, da ya kore shi. Kailu kuwa hannunsa na ƙaiƙayi, ya jawo zabira. Aka aske kuncin Aura, ƙarti suka danne shi, ya harbi wanda ya harba, aka tsaga, aka shafa baƙin tukunya. Dijatu ta dama fura ta aiko, ta ce tunda an fara hauka a ƙarasa ta da kyau. Da ciwon ya warke, sai ga su nan a hanyar rijiya, mai gida da jakinsa, kunci iri ɗaya. Masu shayi suka riƙa gaishe su da "Sannunku 'yan gida ɗaya." Sahabi yakan amsa a madadin su biyun, bai ga abin dariya ba.

Wata Juma'a ya ɗaure Aura a gindin aduwa ya shiga masallaci. Da aka sallame ya fito, sai igiya da ƙararrawa a ƙasa.

Mutumin da ba ya tafiya ya zama matafiyi. Ya je Bonkuku, ya je Tabla, ya hau mota har Yamai, inda hayaniya ta kusa zautar da shi. Ko'ina ya shiga kara sai ya nuna kuncinsa ya ce, "Kun ga mai irin wanga?" Wasu su ce ɗansa ne ya ɓace, su yi masa jaje. In ya ce jaki ne, sai su matsa gefe. Ya dawo ya rame, yana jan ƙaramar kurar ruwa da hannunsa, abin tausayi.

Da ya ji Naziru zai koma Sin, ya same shi a tasha ya riƙe masa hannu. "In ka isa, ka gai da sarkin garin. Ka ce mai akwai ɗan Kurfai cikin kayan da anka kai musu. Ba rigima nika so ba. In da rai, su maido. In babu, su ba ni hwatar in rufe."

Naziru ya buɗe baki zai yi bayanin yawan mutanen ƙasar, ya dubi idon tsohon, ya ce to.

Naziru ya dawo ba shi da labarin da zai kai wa tsohon. Sai ya ɗauki wani jan kwali da ya saya a filin jirgi ya kai gidan Sahabi. A ciki akwai maganin nan na fatar jaki, baƙi, mai sheƙi kamar alewa. A bayan kwalin kuma an zana jaki yana tsaye cikin ciyawa.

Sahabi bai ko dubi abin da ke ciki ba. Ya fita da kwalin rana, ya kawo shi kusa da ido, ya bi kuncin jakin da ɗan yatsa, ya juya ya duba ko akwai ɗaya ɓangaren.

"Ba shi ba ne," in ji shi. Fuskarsa ta washe. "Wanga ba ya da tsage. Alhamdu lillahi, ba su kai gare shi ba."

Ya miƙa wa Naziru kwalin ya ce in ya koma ya mai da shi ga masu shi, wataƙila su ma suna can suna nema. Sannan ya ɗauki bokiti ya nufi turken Aura, ya zubar da ruwan jiya, ya cika kwamin da sabo.