Malam Maharazu, Bakaniken da Ke Kwanciya a Bayan Mota

Shekara talatin da takwas Malam Maharazu yana buɗe garejinsa a Takur kafin rana ta ɗaga. Yakan share ganyen darbejiya, ya jera sufanu a kan buhu, ya ajiye ƙunshin turaren tsinke a gefensu. Baƙo zai ɗauka na ƙamshi ne. Kayan aiki ne.

Tsofaffin motoci yake gyarawa, irin waɗanda a wasu ƙasashe ake killacewa a ɗaki ana gogewa. Mu nan har gobe marasa lafiya suke ɗauka.

Akwai wata Fijo doguwa, ta ƙungiyar wani ƙauye kusa da Aujara, da ke kawo majinyata Dutse. A wata damina, shekara shida da suka wuce, direbanta Ɗan'inna ya kawo ta gyaran birki. Yana sauri, don jibi zai sake kawo matarsa Khadijatu awo. Cikinta wata takwas, ga hawan jini.

"Baba, ciwon nan kullum gaba yake. A gida garau, muna isowa sai ciwon kai da amai."

"A ina take zama?"

"A baya nake kwantar da ita. Gilashi ma duk rufewa nake, kada sanyi ya kama ta."

Malam Maharazu ya ajiye sufana. Ya leƙa ragar da ke ƙasan gilashin gaba, inda iska ke shiga. An cusa tsumma an liƙe da leda.

"Wannan fa?"

"Ruwa ne yake zubo mana a ƙafa."

Ya zaga baya, ya shafa gefen motar inda ya san akwai 'yan tsagogin da iskar ciki ke fita. Sumul. Mai fenti ya cike su don aikinsa ya yi kyau.

Bai yi faɗa ba. Ya kunna turare, ya shiga baya ya kwanta daidai inda Khadijatu ke kwanciya, ya ce a rufe gilashi a ja. Makanikan da ke maƙwabtaka da shi suna ta dariya, wani yana cewa, "Malam, mu biyo da kayan dubiya?" Sun je sun dawo, hayaƙin turaren yana tsaye a kansa, bai sami hanyar fita ba. Ya sauko idonsa ja wur, ya dafa mota.

"Ba ciwonta ba ne kaɗai. Bututun salansa ya huje, ƙasan motar ya ci tsatsa. Hayaƙi take shaƙa tun daga ƙauye."

Ɗan'inna ya ce, "Ni na toshe, Baba."

"Kai ka toshe gaba, wani ya toshe baya. Wanda ya ƙera ta ba ado ya yi da ramukan nan ba. Miƙo min tsinken ƙarfe."

Kwana biyu ya yi a kanta. Ya zaƙulo ruɓaɓɓen ganyen da ya hana ruwa bin hanyarsa, ya fasa tsagogin baya, aka yi waldar salansa da ƙasan motar. Da ya sake kwanciya, hayaƙin turaren ya miƙe kamar zare ya fice ta baya. Sannan ya ba da makulli. Khadijatu ta iso awo a zaune, tana hira. Bayan sati uku ta haifi 'ya mace.

Kai ne, Malam, ba ka taɓa sallamar motar majinyata ba sai ka kwanta a cikinta. Ba a koya maka ba, ba a kuma taɓa tambayarka dalili ba. Mai hanci, gagara hayaƙi. Direbobin Jahun da Kiyawa sun shaida.

Watan jiya ya ajiye aiki, yanar ido ta rufe masa gani. Ranar ƙarshe Ɗan'inna ya zo da Fijon, yarinyar da Khadijatu ta haifa tana zaune a baya. Malam ya lalubi gefen motar har yatsansa ya shiga tsagogin.

"A buɗe suke, Baba."

"Na ji."

Mun gode, Malam Maharazu. Allah Ya ba ka lafiya, Ya saka da alheri. Sauran masu sana'a kuma, kafin ku ce aiki ya kammala, ku fara kwanciya inda mai shi zai kwanta.